Ƙa'idar da Ta Haɗiye Zulai

Duk wanda ya taɓa kai saniya allura tsakanin Bande da Waca cikin shekara talatin ɗin nan ya san Malam Nafi'u Wada. Dogo ne, siriri, da ɗan rankwafawa, kuma kullum da bik biyu a aljihun gaba, shuɗi da ja. Shuɗin na rubutu ne. Jan kuwa na gyara wa mutane kuskurensu ne, kuma wallahi ya fi shuɗin saurin ƙarewa. A bayan idonsa Malam Daidai ake ce masa. Ya san da sunan sarai, sai dai shi bai ɗauke shi tsiya ba, kirari ya ɗauke shi.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Waca. Ubansa, Wada, manomi ne mai gona ɗaya da gawo bakwai a cikinta. Kowace kaka, in an cire gero da wake, wani Bafulatani mai suna Tamu yakan sauka da garkensa a gonar, shanu su ci kara su bar taki. Daga nan zumunci ya ƙullu, har ta kai ba a yin suna a gidan ɗaya sai da ɗayan. Nafi'u yana ɗan shekara bakwai Wada ya kwanta ciwon kwana uku, Allah ya karɓi abinsa. Ya bar matarsa Uwani da yara huɗu da rumbun da ake hango gindinsa.

Bayan sadakar arba'in, wata safiya, sai ga Tamu janye da wata jar karsana mai suna Nore. Bai shiga gida ba. Ya kafa turke a ƙofar Uwani, ya ɗaure ta, ya ce, "Habbanaye ce." Ya juya ya tafi tun kafin a kawo masa ruwa.

Habbanaye aron saniya ne irin na makiyaya, amma aron da ba a biyan komai a kansa. Saniya tana nan ta mai ita. Nonon da za ta bayar kuwa, da 'ya'yan da za ta haifa a hannunka, naka ne halak malak. In ta cika haihuwar da aka ɗiba sai ka mai da ta gida da godiya, ka tsaya da ƙafarka.

Uwani ba ta iya tatsa ba. 'Yar Tamu, Zulai, yarinya ƙarama mai bakin tsiya, ita ta riƙa biyo uwarta suna koya mata. Zulai ba ta taɓa kiran Nafi'u da sunansa ba, sai dai "ɗan Uwani", tana yi masa dariya don yana tsoron ƙaho. Da nonon Nore ya girma. Maraƙin farko aka sayar aka kai shi kolej a Magarya, da kaye na rubutu da takalmi da tabarmar kwana. Na biyu da na uku su ma hanyar lakwal, wato makaranta, suka bi.

A kolej ɗin ne abin ya same shi. Wata rana 'yan ajinsu suna fahariyar dukiyar iyaye, shi kuma cikin rashin wayo ya ce su ma suna da saniya, ya ba da labarin Nore tiryan-tiryan. Wani ɗan mai kanti ya fashe da dariya ya ce, "Ku ji fa, har saniya aro suke yi!" Aka shekara ana kiransa Na-Aro. Abin ba wani babba ba ne, yaro ne ya yi wa yaro tsiya. Amma tun daga ranar Nafi'u ya kulle wannan kalma ta habbanaye a cikinsa. A ganinsa abin daji ne, ba ya shiga aji, ba ya hawa takarda.

Farin shekarar tamanin da huɗu ya share garken Tamu kaf, har da Nore da aka riga aka mayar. Da Nafi'u ya kama aikin allurar shanu ya yi niyya a ransa, tsakani da Allah ya yi, cewa zai sayi karsana ya je ya ɗaure wa tsohon a ƙofa. Bana aure, baɗi ginin ɗaki, baɗin baɗaɗa rashin lafiyar yaro. Yana cikin wannan sai labari ya iske shi a kasuwar Dungas cewa Tamu ya rasu har an yi bakwai. Kunya ta hana shi zuwa gaisuwa, kunyar rashin zuwan kuma ta hana shi zuwa daga baya. Haka shekaru suka yi ta tafiya.

A wajen aiki kam ba a samunsa da aibu. Bai taɓa tsallake ruga don rana ta yi zafi ba, bai taɓa rubuta saniyar da bai soka wa allura ba. Shi ya sa da ya ajiye aiki, ƙungiyar manoma da makiyaya ta yankin ta ɗauke shi sakatare, aka ba shi tebur a wani ƙaramin biro, wato ofis, a Bande.

Shekara biyu da zamansa wani furoje na taimakon ƙauyuka ya kawo musu na'urar ordinater. Wannan ba irin wadda ake rubutu kawai a ajiye ba ce, mai bin magana ce. Sai an fara gaya mata yadda abubuwa suke a dunƙule, mene ne gida, mece ce dabba, wa ake kira mai ita, sannan a zuba mata sunaye. Daga nan ita da kanta take haɗa wannan da wancan ta fitar da abin da ba a faɗa mata ba. Wadda ta zo daga Damagaram ta kafa ta, wata injiniya mai suna Na'ima, ontoloji take kiran wannan jerin maganganu. Malam Nafi'u ya ce shi dai kundin ƙa'idoji ya sani.

Da aka nemi wanda ya san dabba ya san takarda, wa za a kira in ba Malam Daidai ba? Kwana uku ya yi yana rubutu da shuɗin bik, ya fito da ƙa'ida arba'in da uku. Dattawa suka saurara suka gyaɗa kai. Ta huɗu ta ce kowace dabba mai ita ɗaya ne. Ta goma sha ɗaya ta ce ɗan saniya na mai saniya ne. Lokacin da yake rubuta wannan ta goma sha ɗayan hannunsa ya ɗan tsaya, Nore ta gifta masa a rai. Sai ya ce da kansa, ai wannan tsohon yayi ne, wa zai kai maganar ruga gaban injiniya? Ya diga aya ya wuce.

Sai ga shekarar da damina ta ɗauke tun gero bai gama cika ido ba. Kafin bazara ta tsaya, kara ya ƙare, harawa ta zama sai mai hali, 'ya'yan gawo ma yara sun tsince su tas. Shanu suka koma ƙashi da fata. Aka ce za a kawo dusa cikin manyan motoci, kamiyo biyu, ɗaya yanzu ɗaya bayan wata guda, a raba wa gidajen da shanunsu ba su kai biyar ba. Na'ura ta fitar da lis ɗin sunaye cikin ƙiftawar ido, Malam Nafi'u ya manna a bango yana jin kansa.

Ranar rabon farko, ana tsakiyar hayaniya da amalanke da buhuna, wata dattijuwa ta tsaya a bakin teburinsa. Ramammiya, da zane baƙi da ya koɗe, da ƙwarya a hammata. Kallo ɗaya ya yi mata ya gane ta. Zulai ce 'yar Tamu, shekara talatin da wani abu rabonsa da ita. Ya ji an ce mijinta ya rasu, tana zaune a wata ruga ta wajen Dantchiao da jikoki uku. Ya mai da ido kan na'ura.

"Malam," in ji ta a hankali, "an duba bango ba a ga sunana ba."

Ya buga sunan. Ga shi ya fito, amma manne da na Wakili, wani mai garke da ke da shanu sama da sittin. Na'ura ta rubuta cewa gidan Zulai da gidan Wakili gida ɗaya ne.

"An ce kina gidan Wakili," ya ce, bai ɗago ba. "Gidan Wakili kuwa ba ya cikin masu karɓa."

"Ni ba a gidan Wakili nake ba, Malam. Tsakaninmu tafiyar hantsi ce."

"To, na'ura ba ta ƙarya. Abin da aka ba ta shi take faɗi."

Mutane sun cika ɗakin, kuma Bafulatana ba ta tsayawa a gaban jama'a ta tona abin da ke turkenta da wanda ya rufa mata asiri. Ta dube shi, kallon da ya ji a ƙeyarsa duk da bai ɗago ba. Ta ce, "Allah ya ba mu alheri," ta fita. Ita ba ta kira shi ɗan Uwani ba, shi ma bai nuna ya san ta ba. Kaico, Malam Nafi'u! Da ya bi ta waje ya yi mata tambaya ɗaya tak, da an huta.

Sati uku bayan haka aka kawo lambobin katin ɗan ƙasa na masu gidaje aka zuba wa na'ura, tare da sabuwar magana cewa masu lamba daban mutane ne daban. Ana gama zubawa fuskar na'ura ta yi ja. Ta ƙi fitar da lis, ta ƙi amsa ko da tambayar da yaro zai amsa. Kalma ɗaya take maimaitawa, wai akwai saɓani. Ga kamiyo na biyu saura kwana shida.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Alhassan, mutum mai saurin fushi da saurin hucewa, ya buga waya Damagaram. Washegari da hantsi Na'ima ta sauko daga motar haya da jakarta.

"Baba, ba lalacewa ta yi ba," ta ce da Malam Nafi'u bayan ta duba. "Mun gaya mata maganganun da ba za su zama gaskiya gaba ɗaya ba. Ita kuma in aka ce mata abu fari ne kuma baƙi ne, sai ta tsaya cik, don daga nan kome aka tambaye ta za ta iya cewa i, ta iya cewa a'a."

"Ƙa'idojina dattawa sun ji su sun yarda," in ji shi, murya ta ɗan yi tauri.

"Kowace ita kaɗai tana iya yin kyau, Baba. Haɗuwarsu ce matsala. Bari mu nemo waɗanda ke faɗan."

Ya zauna yana kallon yadda take yi. Ta rufe rabin maganganun ta tambayi na'ura ko saɓanin yana nan. Yana nan. Ta sake raba abin da ya rage biyu, ta rufe rabi. Ya ɓace. Ta mai da su, ta rufe ɗaya rabin. Haka ta yi ta tankaɗe, kamar mace da rariya, har azahar ta yi. Da suka dawo daga salla ta yage takarda gida biyar, ta rubuta magana ɗaya a kan kowace, ta jera su a kan tabarma.

Ta farko: kowace dabba mai ita ɗaya ne. Ta biyu: ɗan saniya na mai saniya ne. Ta uku: saniya Wule ta Wakili ce, ita ta haifi karsana mai lamba kaza. Ta huɗu: karsana mai lamba kaza ta Zulai ce. Ta biyar: Zulai da Wakili mutum biyu ne.

"Ka ga yadda ta yi tunani," in ji Na'ima, tana nuna su da yatsa. "Ta biyu da ta uku sun ce karsana ta Wakili ce. Ta huɗu ta ce ta Zulai ce. Ta farko ta ce mai ita ɗaya ne. To da ba mu ba ta ta biyar ba, sai ta samo wa kanta mafita, ta ce ashe Zulai da Wakili mutum ɗaya ne mai suna biyu. Ta haɗe su shiru, ba ta gaya wa kowa ba. Yanzu da muka ce mutum biyu ne, hanya ta toshe."

Ba sai an gaya wa Malam Nafi'u mece ce Wule a turken Zulai ba.

Na'ima ta ci gaba. "Ko wacce aka cire cikin biyar ɗin nan, jan zai tafi. Amma wacce ce ƙaryar, wannan na'ura ba ta sani ba. Sai mutum."

Alhaji Alhassan, da tun ɗazu yake safa da marwa, ya sunkuya ya ɗauki takarda ta huɗu. "Ai ga ta nan! Masu ƙidaya ne suka yi shirme. Uwa ta Wakili, 'ya ta Wakili, magana ta ƙare. A goge wannan a fitar mana da lis, Madam, mutane na jira."

"Minti ɗaya ne aikin, Alhaji," in ji ta. "Sai dai in an goge, a takarda karsana ta zama ta Wakili ke nan. Ita kuma matar za ta fito ba ta da dabba ko ɗaya, mai dusa kuwa sai mai dabba. Kuma ba wannan kaɗai ba ne. Na sami ƙulli irinsa goma sha takwas. Sunaye suna canzawa, amma wannan tana cikin kowanne." Ta sa yatsa a kan ta biyu.

Alhaji ya dubi Malam Nafi'u. Kowa ya san ƙa'idar wa ce.

Hanya a buɗe take gare shi, kuma ya gan ta. Ya ce masu ƙidaya sun yi kuskure sau goma sha takwas, wa zai musa wa Malam Daidai? Shekara talatin yana jan layi a ƙarƙashin kuskuren mutane, bai taɓa ja a ƙarƙashin nasa ba. Ya daɗe yana kallon takardar. Abin da ya tsaya masa a rai ba takardar ba ce, ƙwaryar nan ce da Zulai ta shigo da ita a hammata ta fita da ita wayam.

Ya zaro jan bik. Ya ja layi a ƙarƙashin ta biyu.

"Masu ƙidaya gaskiya suka rubuta," ya ce. "Ni na yi kuskure. Saniyar habbanaye ce. Na san da ita lokacin da nake rubuta wannan, na ƙi sa ta."

"La ilaha illallahu!" in ji Alhaji, ya dafe kai. "Habbanaye! Mu ma duk muna zaune aka karanta, ba wanda ya tuna. Amma kai da ka tuna, Malam, me ya hana ka?"

"Kunya, Alhaji. Da nonon irinta aka raine ni."

Can Na'ima ta ce, "Baba, ba za mu goge ƙa'idar gaba ɗaya ba. Maruƙa sama da dubu ta hanyarta na'ura ta san masu su, in ta tafi duk sun zama marasa gida. Sassauta ta za mu yi. Mu ce ɗan saniya na mai saniya ne, sai fa in tana hannun wani da sunan habbanaye. Amma sai an gaya mini iyakar abin daidai. Haihuwa nawa? Namiji da mace duk ɗaya? In ta zo da ciki fa? In muka yi gyara da ka, gobe wani za ta haɗiye."

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya ga abin da ya sani sanin ɗan shekara bakwai ne. Ya ce, "Zan je in tambayo."

Da sassafe ya hau moto, wato babur, ya nufi wajen Dantchiao. Dusa kam babu ko tiya a sito, sai kamiyo ya zo. Ya bi rugage yana sallama, yana zama a kan buzu yana tambaya kamar ɗan lakwal. Wani tsoho ya ce su haihuwa uku suke yi. Wasu suka ce biyu, in shekara ta yi tsanani a ƙara. Wakili da kansa, da aka tambaye shi, sai ya kau da kai ya ce shi bai san yana da wata saniya a wajen kowa ba. Sai da Malam Nafi'u ya rantse masa cewa rufin asirin matar ne ya kawo shi, sannan ya ce a ciki-ciki, "Uku ne. Ta yi biyu." Malam Nafi'u ya rubuta duka, har da cewa adadin ba ɗaya ba ne, a tambayi masu abin.

Rugar Zulai tana gabansa, yana hango bukkokin. Ya tsai da moto ya daɗe. Sai ya ce a ransa ba zai je mata hannu rabbana ba, gara ya zo da buhu. Ya juya. Wannan ma, in za a faɗi gaskiya, tsohuwar kunyar ce ta sake sa sabuwar riga.

Kwana biyu suka yi da Na'ima suna gyara. Ta raba abin da a da yake kalma ɗaya zuwa biyu, mai saniya daban, mai riƙon saniya daban. Duk gyaran da ta yi sai ta sake tambayar na'ura tsofaffin tambayoyin da aka san amsarsu, don kada a toshe rami ɗaya a buɗe wani. Sau biyu jan yana dawowa, sau biyu suna komawa kan tabarma da guntayen takarda. Ranar Laraba da la'asar fuskar na'ura ta washe. Lis ya fito, da gida goma sha takwas da ba sa cikin na farko, yawancinsu zawarawa da tsofaffi da samarin da suka fara tsayawa da ƙafarsu. Wato waɗanda aka yi dusar dominsu, su ne ƙa'idarsa ta haɗiye.

Da kwamiti ya zauna, Malam Nafi'u ya miƙe tsaye ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, ya ce laifinsa ne, a yafe masa. Ba wanda ya yi dariya. Aka yanke cewa waɗannan gidaje a ba su rabon farko da na biyu a haɗe.

Kamiyo ya iso ranar Alhamis. Malam Nafi'u bai jira amalanke ba. Ya ɗaure buhu biyu a bayan moto ya kama hanya da rana tsaka, yashi na kama taya, yana sauka yana turawa.

Abin da ya fara gani da ya isa shi ne bukka ɗaya ba rufi, sai tsirgagun itace. An zare ciyawar an ba dabba. A gindin wani gawo ga Wule a tsaye, ramammiya amma a kan ƙafarta, da ɗan ƙaramin maraƙi yana laluben hantsarta. Gefe guda kuma turke ne da igiya a yashe. A kan dangar ƙaya an shanya fata, ja da fari, ƙudaje na binta.

Zulai ta fito daga ɗaya bukkar. Ya yi sallama ta amsa. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta jikoki da ta zafi, shi idonsa na kan fatar.

"Karsanar ce?" ya tambaya daga ƙarshe.

"Ita ce. Shekaranjiya. Kwana huɗu muna ɗaga ta da itace, ran na biyar ta ƙi tashi."

Shekaranjiya. Ya lissafa a ransa, ranar da ya tsaya yana hango bukkokin nan tana da rai. Da a ce ya ƙaraso ya gani da idonsa, da ko dusar gidansa ya kwaso.

"Ita ce ta fari," in ji Zulai. "Baɗi da ta ɗauki ciki."

"Amma ciyawar rufin nan, da kin raba musu..."

Ta dube shi kamar ya yi saɓo. "Wule amana ce. Taka ta mutu ka yi kuka, ta mutane ta mutu a hannunka da wane ido za ka dube su? Kai za a gaya wa wannan? Uwani har kunun bakinta ta ba Nore a bazarar da kuka yi wahala. Ina nan, na gani."

Bai san wannan ba. Shekara hamsin da huɗu a duniya, yau ya fara ji. Ya durƙusa a kan yashi kusa da buhunan, dattijo da furfura, hawaye na bin gemunsa.

"Zulai, ni na cire sunanki. Ba na'ura ba ce. Kuma na gane ki ran nan."

"Na san ka gane ni."

"Ki yafe mini. Da ke da Baffa Tamu."

Iska mai zafi ta taso ta kaɗa fatar a kan danga. Sannan Zulai ta shiga bukka ta fito da ƙwaryar nan, ta kwance bakin buhu, ta ɗebi dusa, ta yayyafa ruwa ta cuɗa da hannu.

"Allah ya yafe mana gaba ɗaya," ta ce. Ta miƙa masa ƙwaryar. "Tashi, ɗan Uwani. Ko har yanzu tsoron ƙaho kake?"

Ya karɓa da hannu biyu, ya nufi wajen ɗan maraƙin, don shi kaɗai ya rage mata a duniya.

"A'a," in ji Zulai daga bayansa. "Uwar tukuna. Ta mutane ce."

Ya juya ya kai wa Wule. Ya tsuguna ya riƙe mata ƙwaryar, saniyar ta sa baki tana ci, numfashinta mai ɗumi yana dukan hannunsa, har ta lashe ƙwaryar tas.